Ƙyallen jiyotekstayil: wanne ya dace da hanya, wanne ya dace da magudanar ruwa?

Wani bawan Allah da ke gina gidan gona a bakin fadama ya aiko da tambaya. Hanyar shiga gonar, mai tsawon kusan mita 300, caɓi take zama duk damina har tifa ba ta iya shiga. Ruwa kuma yana kwanciya a bayan katangarsa ta ɓangaren tudu, ginin ya fara jiƙa daga ƙasa. Yana kuma son shimfiɗa intalok a tsakar gida da ɗan wurin furanni. Mai sayar da kaya ya nuna masa ƙyallen jiyotekstayil, wato ƙyallen roba da ake binnewa a ƙasa wajen aikin hanya da magudana, iri biyu, ɗaya kamar buhun taki, ɗaya kamar bargo, ya ce ya ɗauki wanda ya fi nauyi ya yi duk ayyukan da shi. Tambayarsa ita ce ko shawarar daidai ce, kuma ko abin ba zai ruɓe a cikin ƙasa ba.

Alhaji, Allah ya sanya albarka a aikin. Ka dakata da biyan kuɗin tukuna. Nauyin ƙyalle shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa idan zan zaɓa wa aiki. Abin da nake fara tambaya shi ne wace irin ƙasa ce a wurin, sannan wane aiki ake son ƙyallen ya yi a cikinta. Ayyukanka uku ne, kuma abin da kowannensu ke nema daga ƙyallen daban ne. A hanya, so ake ya raba laka da burji kada su cakuɗe. A bayan katanga, so ake ya bar ruwa ya wuce ya tare ƙasa, tamkar ƙyallen da mata ke tace kamu da shi. A tsakar gida kuwa, mai yiwuwa ne ma ba ka buƙatarsa a rabin wurin.

Bari in fara kawar maka da fargabar ruɓewa. Ana yin ƙyallen ne da zaren roba, galibi folifurofilin, wanda za ka ga an rubuta PP a jikin bandir, ko foliyesta, mai alamar PET. Gara ba ta cin su, danshi ba ya ruɓar da su. A 1970 aka gina madatsar ruwan Valcros a Faransa, mai tsayin mita 17, aka sa irin wannan ƙyalle mai kama da bargo a matsayin matacin ruwa, karo na farko a cikin dam. An tono samfurinsa a 1976, aka sake tonowa a 1992, aka same shi yana aikinsa. Lokacin da aka gina dam ɗin ko suna abin ba shi da shi, sai a 1977 injiniya J.P. Giroud ya raɗa masa wannan sunan a wani taro a birnin Paris. Abin da ke kashe ƙyallen shi ne rana, kuma zan dawo kan wannan, domin ranar ƙasarmu ba ta wasa.

Wanda ka ce kamar buhu, saƙaƙƙe ne. An jera zare tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, kuma zaren falle-falle ne. Yana da ƙarfin ja sosai, ba ya miƙewa da yawa, amma ruwa da ƙyar yake ratsa shi, 'yan ƙofofinsa kuma da wuri laka ke like su. Akwai wani saƙaƙƙen mai zagayayyen zare kamar na fatsa, shi yana barin ruwa ya wuce sosai, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Mai kama da bargo ba saƙa shi aka yi ba. Zaruruwa aka barbaza, inji ya yi ta caccakar su da dubban allurai masu ƙaya har suka sarƙe da juna. Yana miƙewa fiye da rabin tsawonsa kafin ya yage, don haka yana lafewa a jikin ƙasa ya bi lunguna, tsakuwa mai kaifi ta danna shi ya lotsa bai huje ba. Ruwa na ratsa shi ta ko'ina, har ma yana bi ta cikin kaurinsa. Wani lokaci za ka ga na uku, siriri mai tauri kamar takarda, wanda aka manne zarensa da zafi. Yana yin aikin rabawa, amma ba shi nake sa wa a magudanar ruwa ba in ƙasar mai laushi ce.

Na fi son in daɗe a kan maganar bayan katanga, domin a nan ne kuskure ya fi tsada, kuma ba a ganin kuskuren sai ruwa ya dawo. Abin da za ka yi shi ne ramin tsotse ruwa. A haƙa kwari a bayan katangar, faɗinsa santimita 30 zuwa 45, zurfinsa ya kai gindin harsashin ginin amma kada a shiga ƙarƙashinsa. A ba shi gangare, aƙalla santimita 1 a kowace mita, zuwa inda ruwan zai fita. A shimfiɗa ƙyallen a cikin kwarin ya lafe da bango da ƙasa, a zuba wankakkiyar tsakuwa kaɗan, a kwantar da bututu mai inci 4 mai huji-huji, hujin yana kallon ƙasa, a cika da tsakuwa, sannan a naɗo bakunan ƙyallen su hau juna da santimita 30 a sama, a rufe da ƙasa. Tsakuwar ake naɗewa gaba ɗaya. Na sha zuwa wurin aiki in tarar an nannaɗe bututun kaɗai da ƙyalle, an zuba tsakuwa tsirara a kewaye. Cikin damina biyu laka ta cike tsakanin tsakuwar, ɗan ƙyallen da ke jikin bututun ya toshe, sai a ce kayan ne ba su da kyau. Faɗin da ƙyallen ke da shi idan ya kewaye tsakuwa ya ninka na jikin bututu sau da yawa, don haka ko wani sashe ya toshe, sauran na aiki.

A wannan aikin mai kama da bargo za ka saya. Mai kama da buhu ba ya shiga nan ko kaɗan. Ƙa'idar AASHTO M288, wadda hukumomin hanyoyin Amurka suka fitar kuma injiniyoyi a ƙasashe da yawa ke aiki da ita, ta hana amfani da saƙaƙƙe mai falle-fallen zare a magudanar ƙarƙashin ƙasa. In shi kaɗai ne a kasuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma ko a cikin masu kama da bargon akwai zaɓi, kuma ƙasarka ce ke yin zaɓin. Mataci na neman abu biyu masu jan juna. Idanunsa su yi ƙanƙanta yadda ƙasa ba za ta bi ruwa ta tsere ba, kuma su yi faɗi yadda ruwa zai wuce ba tare da ya taru ba. Yadda abin ke aiki a zahiri yana da ban sha'awa. Da farko ƙura mafi laushi da ke manne da ƙyallen tana wucewa, kuma ana son ta wuce. Manyan ƙwayoyin ƙasa su ne ke tsayawa a bakin idanun, su tokare juna, su kuma su tare na bayansu, har ƙasar da kanta ta gina matacinta a jikin ƙyallen. Idan idanun sun yi ƙanana da yawa, ƙurar nan ba ta samun hanya, sai ta yi fata a jikin ƙyallen kamar yaɓe, ruwa ya tsaya. Shi ya sa ƙyalle mai kauri da nauyi ba lallai ne ya fi tacewa ba, wani lokaci ma shi ya fi saurin toshewa.

A takardar bayanin kaya za ka ga girman ido an rubuta shi AOS ko O90, da milimita. Ƙa'idar da na ambata ta raba ƙasa gida uku bisa yawan laushin da ke wuce rariya mai ido milimita 0.075. In laushin bai kai kashi 15 cikin 100 ba, wato ƙasar yashi ce, idon kada ya wuce milimita 0.43. In yana tsakanin 15 da 50, kada ya wuce 0.25. In ya haura 50, kada ya wuce 0.22. Yawancin masu kama da bargo masu nauyin giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita suna cika wannan sharaɗi. Gwajin rariyar ba shi da tsada, ɗakin gwajin ƙasa na ma'aikatar ayyuka ko sashen injiniya na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa da kai zai yi maka. Kafin nan kana iya samun haske a gida. Ɗebo ƙasa daga zurfin da za a haƙa, zuba ta a kwalba mai haske zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, laushin da ke bi masa zai ɗauki sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ruwan bai washe ba. Kaurin kowane hawa zai nuna maka abin da ya fi yawa.

Ƙasar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta tsakiyar nan, mai laushi kamar gari, wadda ba ta da danƙon yumɓu kuma ba ta da girman yashi. Fadamu na cike da ita. Ita ce ke bin ruwa ta like ƙyalle. In ita ce a wurinka, a sa yashi mai tsabta, kaurin santimita 10 zuwa 15, tsakanin ƙasar da ƙyallen. Kuma in gaya maka gaskiya, kafin zuwan wannan ƙyallen da yashi da tsakuwa hawa-hawa ake yin mataci, kuma har gobe hanyar na aiki. Wanda ke kusa da gulbi, yashi mai kyau na zo masa da araha, yana da ma'aikata masu haƙurin jera hawa-hawa, ba dole ne ya sayi ƙyalle don magudana ba. Ƙyallen sauƙi da sauri yake kawowa, da tabbacin cewa aikin ya fita iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Kada ka manta da ƙofofin fitar ruwa a gindin katangar kanta, kowace da ɗan ƙyalle da tsakuwa a bayanta. Sannan in za ka yi ramin ruwan wanka da na bayi, kada a shimfiɗa ƙyallen a ƙasan ramin. Ƙazantaccen ruwa na haifar da yauƙi da ke like shi cikin ɗan lokaci. A can, a saman tsakuwa kawai ake sa shi, don ƙasar rufi kada ta zuba ciki.

Sai hanya. Abin da ke cinye burjinka duk shekara shi ne, tayar mota na danna tsakuwa cikin jiƙaƙƙiyar laka, idan ta wuce laka ta tsotso sama ta shiga tsakanin tsakuwar. Haka za a yi ta yi har burjin ya rasa ƙarfinsa, kai kuma ka sake kiran tifa. Ƙyallen na shiga tsakani ne ya tsayar da wannan cakuɗuwar, ruwa ya wuce, laka ta tsaya a ƙasa. Ana auna ƙarfin ƙasar hanya da gwajin da ake kira CBR. In ta kai 3 ko fiye, rabawa kawai ake nema, kuma kowanne cikin ƙyallayen biyu zai iya. In tana tsakanin 1 da 3, kuma a jiƙe take, ana buƙatar mafi ƙarfi. A yi gwajin da damina, ko a jiƙa samfurin, domin lakar fadama da rani kamar dutse take, sai ta yaudari mutum.

Ƙa'idar ta kasa ƙarfin ƙyalle aji uku. Ga mai kama da bargo, aji na 1 shi ne mai jure jan niyuton 900 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), na 2 mai 700, na 3 mai 500. Ga saƙaƙƙe kuma 1400, 1100 da 800. A kaya masu inganci, bargo mai kimanin giram 200 kan shiga aji na 2, mai kimanin 270 kan shiga aji na 1. Ga hanya irin taka, mai kwanciyar ruwa da tifa mai kaya, ni bargo aji na 1 zan saya. Dalilina shi ne ruwan da ke cikin lakar na buƙatar hanyar fita idan nauyi ya danne ta, kuma mai kama da buhu na riƙe shi. A wuraren da suka fi muni, inda ƙafar mutum ke nutsewa, a ɗora ragar roba mai manyan idanu, jiyogirid, a kan ƙyallen. Ita ke riƙe tsakuwa kada ta baje, shi kuma yana tare laka. In hanyar busasshiya ce kuma ƙasarta na da ɗan ƙarfi, saƙaƙƙen ya wadatar kuma sau da yawa ya fi araha, don haka ba cewa nake ba shi da amfani.

Akwai abin da ƙyallen ba zai yi maka ba. In ƙasarka baƙar lakar nan ce mai dararrabewa da rani ta kumbura da damina, irin ta wajen Numan da Dikwa da Gamboru Ngala, wadda Barebari ke kira firgi, ƙyalle ba ya hana ta kumbura. Zai hana ta haɗiye burji, amma motsin na nan. Maganinta a ɗaga hanyar sama da ciko, a yi lambatu a gefe biyu da kwalbati inda ruwa ke tsallakawa, wani lokaci a kwashe saman lakar ko a gauraya ta da laim, wato hodar farar ƙasa ta gini. In za a sa laim ko siminti, PP za ka saya, domin kaifinsu na cin foliyesta a hankali. Haka ma duk inda ƙyallen zai taɓa ɗanyen kankare.

Tun ran gini tun ran zane. A share hanyar, a cire kututture da duwatsu masu tsini, a shimfiɗa ƙyallen a miƙe ba tattara. Inda bandir biyu suka haɗu su hau juna da santimita 30 zuwa 45 a ƙasa mai ƙarfi, santimita 60 zuwa mita 1 a mai taushi, in kuma taɓo ne sosai a ɗinke su. Babu motar da za ta taka ƙyallen tsirara. Tifa ta juye kaya a kan burjin da aka riga aka baza, a tura shi gaba, hawa na farko kada ya gaza santimita 15, a laka mai taushi ma na fi son 25 zuwa 30. Kada direba ya yi kwana ko ya taka birki da ƙarfi a kan wannan hawan. In taya ta yi rami, a cike da sabon burji, kada a kankare gefe a rufe, domin hakan na rage kaurin da ke kare ƙyallen. Na taɓa duba wata hanyar gona da ta lalace shekara guda bayan an yi ta, mai ita yana ta zargin kayan. Da muka tona, ƙyallen mai kyau ne, amma duk ya yayyage, saboda an bar tifofi sun yi ta bi ta kansa kafin a zuba komai. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutumin bashi ya ci ya yi aikin.

Ga lissafi: hanya mai faɗin mita 4, ka ƙara rabin mita kowane gefe, mita 5 kenan. Sau 300, murabba'in mita 1,500. Ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 saboda hawan juna da yanke-yanke. Tambayi faɗin bandir kafin ka saya, domin wanda ya rufe faɗin hanyar a shimfiɗa ɗaya ya fi maka.

Maganar rana. Ƙa'idar ta ce kada ƙyallen ya wuce kwana 14 a buɗe bayan an shimfiɗa, kuma ya zama wanda ke riƙe aƙalla rabin ƙarfinsa bayan sa'a 500 na gwajin haske. A ranar Maris da Afrilu ta wajenmu, ni abin da aka shimfiɗa yau a yau nake son a rufe. Bandir ya zauna cikin ledarsa, a inuwa, a kan katako. In ka je shago ka ga bandir a waje ba rufi, ya koɗe, yana zubar da gari in ka murza, bar shi ko nawa aka rage maka.

Tsakar gida ba ta da wahala. In ƙasar wurin jar ƙasa ce mai tsakuwa da ta daɓu da kyau, intalok ba ya buƙatar ƙyalle a ƙarƙashinsa. In laka ce, a sa bargo mai giram 150 tsakanin lakar da cikon, a ɗago bakinsa a jikin bulon gefe don yashin shimfiɗa, mai kaurin santimita 3 zuwa 4, kada ya zurare. Amma kada kowa ya ce maka zai hana ciyawa fitowa tsakanin intalok. Yawancin wannan ciyawar daga sama irinta ke faɗowa, ta tsira a cikin ƙurar da hunturu ya tara. A wurin furanni da gindin itatuwa ba na son sa sam. Yana hana taki da ganye komawa cikin ƙasa, baƙinsa na ɗaukar zafi, tofa da aya-aya kuma huda shi suke su fito, sai cire su ya gagara saboda saiwa ta sarƙe da zare. Ciyawar rufi ko ɓawon gyaɗa sun fi masa a nan. Inda yake da amfani shi ne ƙarƙashin tsakuwar ado da 'yar hanyar ƙafa, don kada tsakuwar ta nutse. In kuma kana da gangaren da ruwa ke zaizayewa, shimfiɗar zaren kwakwa ko ta rama, wadda ke ruɓewa bayan 'yan shekaru, tare da dashen jema a jere, ta fi roba dacewa, domin saiwar jemar ce za ta gaji aikin.

Idan ka koma wurin mai kayan, nemi takardar bayanin kamfanin da ya ƙera, ka ga sunan da ke takardar ya yi daidai da na jikin bandir. Duba ƙarfin ja, ƙarfin jure huji, girman ido da saurin wucewar ruwa, kuma ka tambaya ko alkaluman na mafi ƙarancin abin da bandir zai bayar ne ko matsakaici, don na farkon ake aiki da shi. Akwai bargo mai launi barkatai da ake yi da ragowar zare, yana da nauyi a hannu amma kana ja yana rabewa, wannan na ƙarƙashin kafet ne. Yanki mita ɗaya tsawo da faɗi ka ɗora a sikeli, in an ce giram 200 ne ka gani da idonka. Ɗaure wani yankin a bakin bokiti ka zuba ruwa, amma ka jiƙa shi tukuna, domin sabon PP kan ƙi ruwa da farko. Leda da tamfol da buhunan siminti ba sa maye gurbinsa, biyun farko tare ruwa suke, buhun kuma 'yan watanni yake ya ruguje. In mai kayan ba shi da takarda, ka nemi wani. In kuma dole sai iri ɗaya aljihu zai ɗauka, sayi bargon PP mai aji na 1 da idonsa bai wuce milimita 0.22 ba, ka yi hanyar da bayan katangar da shi, a sa yashin nan a bayan katangar, wurin furanni kuma a bar shi ba ƙyalle.